Labarin Auta da Ke Jikin Bango

Da sunan Allah nake farawa. Ni ce uwarku, kuma da hankalina garau nake danna wannan a waya, ba zazzaɓi ke magana ba, ba ƙwayoyin likita ba. Na faɗa tun farko don na san in an kai ƙasa wani zai ce Inna ta fara ruɗewa. Babba, da kai nake. Rubutun nawa kun san shi, da furfurata na koya a cikin yara, ku yi haƙuri da shi.

Na ɗaya. Keken ɗinki na ba Malama tun ina da rai, duk da ko maɓalli ba ta iya ɗinkawa ba. Firji na matar Dogo ne, dama ruwanta ne a ciki kullum. Sauran a raba yadda addini ya ce, ban ƙara ba ban rage ba.

Na biyu. Akwatin littattafan hoto na makarantar su Malama ne, a mayar, a ba su haƙuri, yara sun ci gefen wasu. Bencin nan dogo na kafinta maƙwabcinmu ne. Bai taɓa tambaya ba, amma aro ne, a je a gaishe shi a ji ta bakinsa.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni barci, ɗakin baya.

Kun san yadda aka fara. Auta, ƙanwarku, ta dawo daga makaranta tana kuka wai an yi mata dariya ba ta iya karatu ba. Babanku, Allah ya jiƙansa, ya shafe bangon ɗakin da baƙin fenti, Malama tana ƴar budurwa ta riƙa koya mata, yaran layi suka ji suka cika mana gida. Ni aikina tsawa da rabon alli. Sai na ga haruffa kaɗai suna sa su hamma, na ce to a yi labari. Su zauna a zagaye, wannan ya tashi ya rubuta layi ɗaya, ya sa allin a hannun na kusa da shi, shi ma ya ɗora nasa. Dokata ba ta da yawa. Alli daga hannu sai hannu, ba a ajiye shi a ƙasa. Wanda aka sa a cikin labari ba ya rubutu a ciki. Kuma ba a goge labari sai ya ƙare, don ba a barin mutum a tsakiyar hanya ko da na alli ne. Yara nawa suka iya karatu a haka, har da ni. Wanda yake duba ni a asibiti ma a ɗakin nan ya fara rubuta cewa akuya ta hau mota.

Ranar da ciwon Auta ya fara, labarin wata yarinya ake yi da ta ɓata hanyar gida. Da aka zo kanta ta durƙusa a kusurwar ƙasa ta rubuta, Sai yarinyar ta tura ƙofa ta ga. Nan ta tsaya ta ce kanta na sara. Ta tafi ta kwanta da allin a hannu, ba ta miƙa wa kowa ba. Abin da ya biyo baya kun sani. Allin kuwa mun kakkaɓe gado, mun share ɗaki, ba mu gan shi ba.

Ban goge ba. Na koma da yara ɗaya bangon. Rufi ya yi yoyo, layukan sauran yaran duk suka dusashe, nata na nan fari tas kamar jiya. Kuma duk sababbin yaran da aka kawo, waɗanda ba a ma haife su ba lokacin, in sun zauna sai su bar gurbin mutum ɗaya kusa da taga. In na ce su matsa sai su kalle ni kamar ni ce ba na gani.

Ni ban ce ita ce ba. Na san wanda ya tafi ba ya dawowa, haka aka koya mana, haka na yarda. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Da aka sallamo ni daga asibiti na buɗe ɗakin da rana tsaka zan yi shara. Makullin yana wuyana, ba wanda ya shiga. Sai na ga an ƙara kalma ɗaya a gaban layin, Inna. Kun tuna Auta bahaguwa ce, gefen hannunta yana shafe abin da ta rubuta. To shafen yana nan. Bayan wasu kwanaki aka ƙara, tana tahowa a hankali da sanda. Sandar nan ko sati ban yi da fara riƙe ta ba. Wallahi ban ji tsoro ba, daɗi ma na ji, na ce to ana jirana.

Shekaranjiya na koma ɗakin. An ƙara sabon layi, Sai ta leƙa bayan Inna ta ga. Nan ma aka tsaya.

Ni kaɗai nake so in tafi. Na haifi huɗu na binne ɗaya, ya ishe ni. Na ɗauki alli zan rubuta cewa ba kowa, allin ya ƙi kama bango, kamar ina shafa shi a kan gilashi. Sai na tuna dokata ce, ina cikin labarin.

Na huɗu. Babba da Malama, gabar nan ta ƙare. Kai kana so ka shafe ɗakin da farin fenti ka fasa ƙofa ta titi ka zuba ƙarafan waldarka, ita ta kira ka mara zuciya a gaban matarka, tun daga nan ko gaisuwa babu. Kai ba mara zuciya ba ne, na san ba ka iya kallon kusurwar nan ne, kai ka goya ta zuwa asibiti. Ke kuma bakinki ya fi almakashina kaifi, ki ba yayanki haƙuri. Na yi ta kiranku, in wannan ya ji wancan zai zo sai aiki ya taso. Dogo kuma kullum yana kan hanya da motar mutane, ya koya wa wayarsa ƙarya.

Na biyar. In wannan ya same ku ina numfashi, ku zo yau. In kuma kun riga kun kai ni, kada ku jira masu gaisuwa su watse. Ku shiga ku ukun da rana, ku buɗe taga. Babba ya fara, ya sa allin a hannun Malama, a hannu na ce, ba a kan benci ba, ita ta sa a na Dogo. Ku rubuta cewa ta leƙa ta ga hanya fayau, ba kowa. Ku rubuta Inna ta shiga, an ba ta wurin zama, yarinyar ta rufe ƙofa. Yadda za ku ƙawata shi ya rage naku, Malama ta fi ni sanin wannan, amma ƙofar a rufe ta. Sannan ku jiƙa tsumma ku goge tare. Babba, kada ka ce fenti zai yi. Fenti rufewa yake yi, labarin yana nan a ƙasa bai ƙare ba.

Washegari a kira yaran layi a fara sabo. Allin da ya rage a hannun Dogo a sa shi a hannun mafi ƙanƙanta a cikinsu. Ɗakin ya zauna na yara. Babba, in wurin aiki kake so, ga rumfar gaba, ta fi iska.

Na yafe muku duka, har tukunyar da Dogo ya fasa ya ce kyanwa ce. Ni ma ku yafe min. Allah ya yi muku albarka, ya raya muku abin da kuka haifa, ya sa su fi ku karatu. Ku riƙe juna, ku riƙa cin abinci a kwano ɗaya ko da sau ɗaya ne a wata. Kuma in kun zauna a ɗakin nan, don Allah ku matsa sosai, kafaɗa da kafaɗa. Kada ku bar gurbi a tsakaninku.