Yayata ta goge furen albasar Baba

Assalamu alaikum Hajiya Safinatu. Don Allah ki taimake ni, wata biyu ke nan raina a dagule.

Ina koyarwa a firamare a Bodinga, kuma tun ina makaranta nake zanen furanni da wani alli mai laushi da ake ce wa fastel. Garinsa bisa takarda yake zama, ko yatsa ka sa sai ya tashi. Bara, lokacin da albasar iri ta yi fure a garkar Babanmu a Lambara, na yini uku ina zana ta. Yana zaune gefena yana mini tsiya, wai ban san kan albasa ba sai na cikin miya, har ya sa na ƙara kore a jikin kara. Kafin damina ta faɗi Allah ya yi masa rasuwa. Na manna zanen a bangon ɗakina, ban sa masa gilashi ba, kullum sai in ce gobe.

Da na haihu, yayata Sumayya ta zo daga Shagari ta kama mini aiki. Wallahi ta yi mini abin da uwa ke yi. Ranar jajiberin suna tana sharar ɗaki, ta ga gari a jikin takardar, ta ɗauka ƙura ce, ta bi ta da tsumma. Rabin furannin suka koma hazo. Da na fashe da kuka sai ta yi dariya, wai hannuna na nan, in sake wani mana. Wannan maganar ta fi gogewar ƙona mini rai.

Na gwada sau huɗu ina kallon hoton zanen da ke wayata. Duk sun yi kyau, mijina ma ya ce sun fi na farko, amma ni ba su ce mini komai. Tun daga nan ban ɗaga wayarta ba. Innarmu ta ce abin kunya ne a yi gaba a kan takarda. Ko na cika riƙo ne, Hajiya?

Taki, Maman Bashar, Bodinga.

Wa'alaikumus salam, Maman Bashar. Allah ya jiƙan Baba, ya raya Bashar.

Kukanki ba shirme ba ne. Abin da aka yi da hannu sau ɗaya ake yin sa. Hasken ranakun nan uku, da yanayin da kike ciki, da mutumin da ke gefenki, duk sun shiga takardar, kuma hoton waya bai ɗauko su ba. Don haka ki daina wahalar da kanki da kwafi. Wanda ya gogu ɗin ki kai shi a sa masa gilashi yadda yake, rabin da ya rage na gaske ne.

Amma ki yi wa Sumayya adalci. Ta baro gidanta don ke, kuma duk macen da ta ga gari a bango hannunta zai kai ga tsumma. Gilashin da kika yi ta ɗagawa ma yana da nasa kason. Dariyar kuwa, ina zaton ta ruɗewa ce. Kin taɓa gaya mata Baba na zaune aka yi zanen? In ba ki faɗa ba, har yau ba ta san abin da ta goge ba, kuma ita ma ubanta ne.

Kada ki yi ta waya. Ki goya yaronki ki shiga motar Shagari a makon nan, ki ba ta labarin ranakun nan uku daga farko har ƙarshe. In kuka ya zo, ku yi tare. Kin fi kowa sanin zafin rasa abin da ba shi da na biyu, kuma Baba bai bar miki wata Sumayya ba.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya ƙara wa hannunki albarka.