Fitilar Motar Yaya da Kwalaben da Ka Aiko

Zuwa ga ƙanina Auta,

Sallama irin ta addini, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya kai da iyalinka. Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya sa albarka a nemanka. Inna tana nan, ƙafar ce dai ke tashi in an yi ruwa, bakin kuwa lafiyarsa lau. Matar Kawu ta sauka, an samu mace. Kasuwa kuma ga ta nan, masu taya sun fi masu saye. Na zaɓi rubutu ne don in na kira ka, dariya kake sa ni har in manta abin da ya kawo ni, wannan kuwa ba ta dariya ba ce.

Ka san tsohuwar motar da Yaya ke kai yaran unguwa makaranta, wadda da ita yake ci da gidansa. Tun bara wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Ya kai wa mai kwamfuta na bakin gareji, aka jona na'ura, ta fitar da lamba P0420. Ni ma na rubuta lambar a tafin hannu, don ba a yi mini ciniki a duhu. Mutumin ya ce lambar tana nufin abin nan mai kama da saƙar zuma da ke cikin salansar motar, mai tace hayaƙi, ya daina aikinsa. Ya ce injin ne ke cin baƙin mai har ya toshe shi, sai an buɗe an gyara. Yaya ya ce a goge masa fitilar kawai. Mai kwamfuta ɗan kasuwa ne kamar ni, abin da aka ce ya sayar shi zai sayar. Ya danna, ta mutu.

Ana haka sai ga kwalabenka na maganin wanke inji sun iso. Na san da zuciya ɗaya ka aiko. To amma Yaya ya mai da su laya. Fitila ta kama, ya juye kwalba a tanki, ya biya a goge, ta yi kwana biyu ta dawo, ya sake. A wurinsa maganin ne ke kashe ta. An dai kashe maciji ba a sare kai ba. Motar ta koma nishi a kan tudu, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, har bututun hayaƙin ya tsage a ƙasa, daidai inda tsatsa ta cinye ƙarfen da ke ƙarƙashin kujerar baya. Nan ƙananan ke zama, gilashi a rufe don kada su leƙa.

Yara suka fara ciwon kai, aka ce rana ce. Suka fara barci a hanya, Yaya yana yabon natsuwarsu. Ranar Laraba aka buɗe ƙofa a bakin makaranta, Ummi, autarsa, ba ta tashi ba. A hannu aka kai ta asibiti. Likita ya ce hayaƙin mota ta shaƙa, kuma da tafiyar ta ƙara tsawo, da wani zancen ake yi. Ta farfaɗo, alhamdu lillahi, sai dai har yanzu in ta miƙe jiri na ɗibarta.

Na same shi na ce ya ajiye motar. Ya ce mai sayar da atamfa ba ta san inji ba, kuma ƙaninsa da ke can inda ake ƙera motoci ba zai aiko masa da abin banza ba. Na ce gyara kayanka ai ba sauke mu raba ba ne. Ya tashi ya bar ni da tabarma. Sai na yi abin da na iya: duk uwar da ta tsaya a rumfata, na auna mata yadi, na auna mata labari. Yanzu ba mai ba shi ɗa. Ya rantse ba zai ƙara taka ɗakina ba, matarsa ko gaisuwata ba ta amsawa. Na jure, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, don ya nuna wa unguwa ƙarya nake, kullum da safe nasa yaran yake zubawa a baya ya zaga da su ta gaban kasuwa. Auta, ni na gama nawa wayon. Kai kaɗai yake ji. Ranar da takardar nan ta shiga hannunka, ka kira shi, ka faɗa masa da bakinka cewa kwalbar ba ta ɗinke ƙarfe, ba ta kuma tayar da abin da ya mutu. Kada ka yi masa kara irin ta ƙani. In ya yi fushi da kai, mu zama mu biyu. Gara ya rasa masu gaishe shi da a zo yi masa gaisuwa.

Inna na gaishe ka, da Gwaggo, da Kawu. Ka gaida Amarya da Mai Sunan Baba. Ummi ta ce in gaishe ka. Tun da aka sallame ta daga asibiti tana wurina, kuma ba zan mayar da ita ba sai na ji ka kira.

Taka,
Yayarka ta rumfar atamfa