Ranar da Aka Buɗe Sakamakon

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin ce in na fara zancen aikina kamar mai sambatu nake. To bari in sauƙaƙa miki. Akwai wani haske da ya saura tun farkon samuwar sararin samaniya, babu wanda ya kai shi tsufa. Duk shekarun nan lissafi nake a kan allo, ina cewa in an auna hasken da kyau za a ga wani ɗan zane a cikinsa. Masu na'urar hangen nesa sun gama awo. Sai dai a ƙa'idarsu ba mai leƙa sakamakon, har su kansu, sai an gama kowane gyara, don kada son zuciya ya nuna wa mutum abin da yake so. Jibi za a buɗe a gaban kowa. In zanen ya fito za a tsawaita mini aiki. In babu, shi ke nan.

Ki ce wa Inna ina cin abinci.

Taki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, da fatan kowa yana lafiya.

An buɗe. Babu komai. Layin awon da aka nuna mana ya miƙe sak kamar igiyar shanya, ba alamar zanen. Ɗakin taro ya ɗauki tafi, don awon ya yi kyau ƙwarai, kuma suna da gaskiya. Ni ma na tafa. Wani ya miƙo mini lemo, na shanye.

Wallahi ban yi kuka ba. Ina ta jira in ji wani abu a raina, shiru. Na koma ofis na wanke kofina, na zauna ina kallon fanka. Na tuna ranar jana'izar Baba ina gaban allon nan, na ce miki ba zan samu zuwa ba. Ko wannan bai motsa ni ba.

Da yamma farfesanmu ya kira ni. Ya ce a takardar da za a fitar ana buƙatar wanda zai bayyana dalla-dalla dalilin mutuwar wannan ra'ayi na zanen, kuma duk duniya ba wanda ya san shi kamata. Na ce to.

Na fara jiya. Yaya, aikin yana tafiya sumul. Ban taɓa rubutun da ya zo mini da sauƙi haka ba, duk inda ra'ayin yake da rauni na sani.

Ki share mini ɗakin baya, gida zan dawo. Kada ki faɗa wa Inna tukuna.

Ƙanwarki,
Auta