Agogon da Ka Zana wa Likita

Ya hasken idona, sanyin zuciyata, inuwar da na fake a ƙarƙashinta shekara arba'in da ɗaya, maigidana mai gyaran agogo,

Barka da arziki! Daga ɗakin da ke jikin naka nake rubuto maka, don in na buɗe baki kuka zai riga ni, kai kuwa ba ka cancanci ko ɗigon hawaye ba.

Ka tuna jiya a asibiti? Af, ji ni da tambaya, ai yanzu na san kana tunawa. Ni na riƙo hannunka zuwa wurin likitar tsofaffi, don shekara biyu ke nan kana ce mini ƙwaƙwalwarka ta tafi. Ta ba ka kalmomi biyar ka riƙe. Ta ce ka tashi daga kujera ba dafawa, ka je bakin ƙofa ka dawo. Ka ja ƙafa, ka yi nishi, ka tuno kalmomi biyu da ƙyar. Har nan wasanka ya yi kyau, masoyi.

Sai ta miƙo farar takarda, ta ce ka zana agogo, ya nuna sha ɗaya da minti goma. Wayyo, abin ƙaunata! Hannun nan da wai rawa ke hana shi ɓalla maɓalli, har sai na ɓalla maka kowace safiya, shi ya zagaye da'ira kamar wata daren sha huɗu. Lamba goma sha biyu, kowace a mazauninta. Girman kan sana'a bai bar ka a nan ba, sai da ka gaya mata agogon bangonta ya yi baya da minti huɗu, kuma da uku ya yi baya ranar da muka zo yankar kati. Ta yaba maka, ka kumbura. Ta sake gwajin daga farko, ka jero biyar ɗin nan reras, ka miƙe tsam kamar saurayi. Ta ce tsufa ne irin na kowa, ɗan nauyin ƙafa da jinkirin tuna suna, amma kai garau kake.

To, raɓar safiyata, faɗa mini. Bara da mijin ƙanwata Auta ya kira wayarka ya ce tana kan gargara tana kiran Yaya, ina saƙon ya shiga? Kwana biyu ka riƙe shi. Na isa na tarar an shafe kabari. Ka yi kuka ka ce mantuwa ce, ni da aka yi wa mutuwa na koma rarrashinka! Ashe tsoron mako ɗaya ba mai kawo maka ruwan wanka ne ya raba ni da ganin 'yar'uwata?

Kada ka damu, ba inda za ni. Wallahi ina nan, kuma 'ya'yanmu ba za su ji daga bakina ba. Na manna takardar da ka zana agogon a bangon da gadonka ke kallo. Allah ya ja da ranka, masoyi, har ranar da mantuwar gaske za ta zo, ka tsaya tsakar gida kana tambayata ina ne nan. Ran nan zan nuna maka agogonka, in ce ka daina wasa.

Taka har kabari,
matarka da ba ta mantuwa.