Shekarar da Babu Wanda Ya Ɗauki Garrett

Litinin, 3 ga Fabrairu

Takardar kuɗin makarantar Yaya Garrett ta iso daga jami'a, wadda ake haɗawa da takardun haraji a samu rangwame. Matsalar, mutum ɗaya ne kawai zai sa sunansa cikin waɗanda yake ɗaukar nauyinsu: ko Mama ko Baba. Su kuwa tun da suka rabu ba sa magana. Ni ce 'yar aike.

Mama ta ce, "Corinne, ki gaya wa ubanki, mai wanke wa yaro kaya shi ke da yaro." Na ce to.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ina gidan Baba. Yana soya ƙwai na ce, "Mama ta ce ta san kana ƙoƙari da kuɗin makarantar nan." Bakina ya kasa ɗaukar ainihin saƙon Mama. Ya tsaya da cokali a hannu. "Denise ce ta faɗi haka?" Sai ya murtuke, wai kada in ga ya ji daɗi. "Ki ce mata ashe tana taɓa gaskiya sau ɗaya a shekara."

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na ce wa Mama, "Baba ya ce ba don ke ba, da Garrett bai kai jami'a ba." Ta ce, "Uhm," ta ci gaba da goge teburin da ta riga ta goge. Allah ya yafe mini.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Kowa ya aika takardunsa. Babu faɗa. Na ci jarrabawar lissafi ma.

Asabar, 8 ga Maris

Yaya ya zo hutu. Muna cin taliya ya ce, "Wai bana wa ya ɗauke ni a takardun haraji?" Mama ta ɗaga kai kamar mai rabon sadaka: "Na bar wa ubanka." Yaya ya kira Baba ya yi masa godiya. Har inda nake na ji muryar Baba: "Ni? Ai uwarka na bar wa!"

Yaya ya yi dariya har ya ƙware. "Iyaye biyu da rai, amma a wurin masu haraji ni maraya ne!" Mama ba ta yi dariya ba. Da rangwamen nan ake biyan ɗakinsa na zango mai zuwa. Na kasa ƙarasa abincina.

Asabar, 15 ga Maris

Laburare, wurin masu cika wa mutane takardun haraji kyauta. Wata tsohuwa, Misis Lindqvist, ta zaunar da su teburi ɗaya, ni a tsakiya. Baba ya ce, "Ke fa kika fara, da kika ce ina ƙoƙari." Mama ta ce, "Ni? A mafarki?" Suka juyo kaina.

Na zaci muryata ba za ta fito ba. Ta fito, har na teburin gefe ya waiwayo. Na ce ni na canza saƙonnin, don na gaji da kai maganar da ke hana ni barci, kuma kowannensu yana da waya.

Misis Lindqvist ta gyara tabarau ta ce shekarunta nawa tana raba iyaye masu ƙwacen yaro, yau ta ga masu ture shi. Ta ce ana iya aika takardar gyara, ba a yi asarar komai ba. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Aka shirya: bana Mama za ta ɗauke shi, baɗi Baba.

A bakin ƙofa Baba ya ce, "Amma dai ina ƙoƙarin, ko?" Mama ta ce, "Kada ka cika baki, Curtis." Ta matse hannuna a mota.

Asabar, 22 ga Maris

Da kansu suka yi waya kan lokacin ɗaukata, har da ɗan cacar baki. Na shiga motar Baba babu saƙon kowa, na rasa abin cewa. Sai na tsinci kaina ina ba shi labarin ƙungiyar muhawara ta makaranta, da cewa wataƙila in sa sunana. Har muka isa gida ban yi shiru ba, ya kashe mota ya ci gaba da saurare.

Ba wai na zama mai surutu ba ne. Hanyar ce gajera.