Mai Sauraren Duwatsu

Guangzhou, Lahadi.

Zuwa ga Hajiya Mero,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiyata ƙalau, sai dai abinci ya ƙi shiga tun shekaranjiya.

'Yarmu Saffana ta iso nan taron masanan da ta ce miki. Ga abin da ba ki sani ba: duk 'yan kasuwarmu na nan sun ɗauka likita ce, kuma ni na faɗa musu. Hajiya, ni da na fara da tallan safa a kasuwar Kwari har nake loda kwantena daga kasuwar Baima ta nan, ta yaya zan ce 'yata sauraren duwatsu take yi? Dariya za su yi mini.

Ran Juma'a bayan masallaci na kai ta inda muke cin abinci, don a gan ta. Ta ce ba za ta daɗe ba, bayan la'asar za ta yi jawabi a taron. Muna zama sai Alhaji Tankari, mai takalman nan na titin Zhanxi Lu, ya miƙo mata hoton ƙirjinsa na asibiti, wai likitarmu ta duba, tari ya hana shi sakat. Ta kalle ni. Ni kuwa na sunkuya ina juya shinkafa. Ba ta tona ni ba. Ta ce wannan sai babban asibiti, ta kai shi da kanta, ta yi masa tafinta. Layin asibitin ya cinye lokacin jawabinta. Malaminta ne ya karanta aikin nata a madadinta.

Jiya na kasa haƙuri, na kira Tankari na ce ƙarya na yi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce ai tun a layin ta gaya masa gaskiya, ta kuma roƙe shi kada ya nuna mini ya sani. Sannan ya shiga yi mini bayani. Wai dutse mai aman wuta idan ya fashe yana yin wani rugugi mai kauri wanda kunnen mutum ba ya ji, iska ta ɗauke shi zuwa nesa ƙwarai. Su Saffana na da na'urori a ƙasa masu kama shi, sai a gargaɗi jiragen sama kada su shiga tokar dutsen. Ya ce mu da kullum muke sama ai mu take yi wa aiki. Aikin 'yata, Hajiya, a bakin mai takalma na fara jin sa.

Gobe jirginta zai tashi. Ta turo saƙo wai kada in wahalar da kaina, za ta hau tasi. Don Allah ki kira ta ki ce zan zo. Ko ba ta yi mini magana ba, ta bar ni in ɗauki jakar.

Ki gaida Inna, ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Dogara