Mahaifina Ba Ya Cin Abincin Gidana

Assalamu alaikum Anti Hansai. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar ta sama, domin kaina ya kulle, kuma ba ni da wanda zan buɗe wa cikina ba tare da maganar ta zaga dangi ba. Ki ɓoye sunana.

Ni matar aure ce, 'ya'yana uku. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne a nan Kaduna. Mun daɗe muna haya a Hayin Banki, ɗaki biyu, banɗaki na kowa da kowa. Ba zan yi miki ƙarya in ce zaman yana da daɗi ba. Kafin wata ya raba albashi ya ƙare, tuwo da miyar kuka har yara su fara tura baki. Ina koyarwa a wata firamare lokacin, da nawa da nasa muke haɗawa mu lallaɓa. Sai aka mayar da shi sashen ɗaukar ma'aikata. Ba a jima ba muka tare a gidan kanmu a Doka, ga mota, ga janareta, ga firji biyu da ba sa rabuwa da kaji. Ya ce in ajiye koyarwa, wai matar mutum kamarsa ba ta shan ƙurar alli. Na ajiye. Na ɗauka Allah ne ya dube mu.

Na fara gane inda iskar ke kaɗowa ranar da Hasiya ta zo. Hasiya maƙwabciyarmu ce ta Hayin Banki, mijinta ya rasu, da injin markaɗe take riƙe marayunta. Matar nan, Anti, sau nawa ta miƙo mini kwanon miya ta kan katanga ba tare da na roƙa ba, kuma ba ta taɓa karɓar kuɗin markaɗena ba. Ta shigo falona ta ƙi hawa kujera, ta zube a ƙasa tana ta godiya, wai ɗanta ya samu aiki ta hannun Alhaji, wato maigidana. Na yi murna. Sai cikin godiyar take cewa ta sayar da injin ta cika kuɗin, kuma Allah ya saka wa Alhaji da ya yi mata ragi saboda zaman tare. Ragi fa! Har da turmin atamfa ta kawo mini tukuici. Na rasa inda zan sa fuskata. Da na yi masa maganar, ko kunya bai ji ba, sai ma ya gyara zama yana ba ni labarin irin alherin da ya yi mata, wai wasu ninki biyu suke biya kuma har yanzu suna layi, kuma ba shi kaɗai ke ci ba, akwai na sama da shi.

Tun daga ranar komai na gidan nan ƙyama yake ba ni. In na ga yana yagar kaza, mai na bin gemunsa, yana amsa waya yana cewa a turo sunan yaron, sai zuciyata ta tashi. Mutumin da a da yake wanke rigarsa ɗaya da kansa ya goge ya tafi ofis da mutuncinsa, yanzu tumbi ya yi gaba, dariyarsa ma ta canza. Abokansa su cika falo suna kiransa ranka ya daɗe, su ci rabi su bar rabi, a kwashe a zuba a shara. Dangi kuwa kowa ya san abin da ake ciki, amma kowa ya yi gum, domin kowa na da ɗan da ke zaune da takardu. Ƙawayena cewa suke na ji daɗi, na huta. Ni kuwa turaren da ya sayo mini ma warinsa nake ji.

To duk wannan ba shi ne ya sa na rubuto ba. Maganar mahaifina ce.

Mahaifina malamin allo ne a Katabu, da karantarwa da 'yar gonarsa yake rayuwa. Mutum ne mai son jikokinsa. Da muna Hayin Banki duk ranar da ya ga dama yake zuwa, ya zauna a tabarma ya ci tuwona yana tsokanata wai har yanzu ban kamo hannun Inna a miya ba. Da muka koma Doka bai daina zuwa ba. Zai shiga bas zuwa Kawo, ya hau keke napep har ƙofar gida, ya yi wa yara addu'a, ya ji karatunsu. Amma duk sanda na kawo abinci sai ya ce yana azumi. Na ɗauka tsufa ne ya ƙara masa ibada. Ƙanwata Jamila ce ta buɗe mini ido, ta ce in lura, Baba ba ya zuwa gidana sai Litinin ko Alhamis. Ya zaɓi ranakun azumin nafila ne don kada ya ci, kuma don kada ya yi ƙarya, kuma don kada ya kunyata ni. Ta ce buhunan shinkafar da ake aika masa ko ɗinkin bakinsu ba a farkewa a gidan, waje suke fita. Bai taɓa ce mini uffan ba, har yau.

Maigidana bai lura ba sai wata Alhamis da ruwan sama ya tsare Baba har aka kira magariba. Na yi murna na ce yau dai sai ya ci. Na jera kuloli, ga farfesu ga lemo mai sanyi. Baba ya sa hannu a aljihu ya ciro dabino ya buɗe baki da shi, ya fita famfon tsakar gida ya tara hannu ya sha, ya ce Inna na jiransa da tuwo, ya bi ruwan nan ya tafi. Maigidana yana zaune yana kallo. Fuskarsa ta yi baƙi ƙirin.

Yanzu babbar 'yarmu Umaima ta sauke Alƙur'ani. Baba ne ya fara ɗora mata alif da ba, kuma ta ce ba wanda zai yi mata addu'ar sauka sai Kakanta. Maigidana ya sa walima ranar Asabar, da gangan, don ya san Baba ba ya azumin Asabar. An kama rumfuna, an sayi sa, an gayyaci ogogin ofis. Ya ce mini a faranti ɗaya zai zauna da Baba a gaban jama'a, in Baba bai sa hannu a abincin gidan nan ba, to in tattara in bi shi Katabu in ci tsarkakakken tuwo in ƙoshi.

Anti, na san ubana. Ba zai ci ba, kuma ba zai ƙi zuwa ba, saboda Umaima. Zai zauna ne ya sunkuyar da kai ana kallonsa. In roƙe shi ya ci sau ɗaya don aurena? Da wane baki? In ce masa kada ya zo, me zan faɗa wa yarinyar? Wani lokaci sai in ji gara in kwashe yarana in tafi kafin a kore ni, sai kuma in tuna makarantar da suke, da asibitin da ake kai surukata, duk daga aljihun nan ne. Ina cikin daula ina jin kamar na taka ƙazanta da sabon takalmi. Wai dama haka kuɗi suke, ko namu ne kawai?

'Yar'uwarki mai damuwa, daga Doka.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Allah ya sanya albarka a saukar Umaima. Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa. A'a, ba haka kuɗi suke ba. Kada ƙyamar da kike ji ta sa ki fara yi wa talauci kirari, ke da kanki kin faɗi yadda yara ke tura baki a Hayin Banki. Wadata ni'ima ce, tana biyan makaranta, tana sayen magani, tana rufe asiri. Abin da ke tayar miki da zuciya injin Hasiya ne, kuma gara da zuciyarki ke tashi. Ranar da kika daina jin komai, ranar ce abin tsoro.

Sai dai ki yi wa mijinki adalci ta fuska ɗaya. Mutumin da bai damu ba ba ya shirya walima guda don ya ga tsoho ya sa loma a baki. Dabinon nan ya soke shi inda ogoginsa da masu ce masa ranka ya daɗe ba su taɓa kaiwa ba. Yana so mahaifinki ya ci ne don ya ji an wanke shi. Wannan ba ya halatta abin da yake yi, sayar da gurbin aiki zalunci ne ga wanda ya biya da wanda ya cancanta aka tsallake shi. Amma yana nuna akwai sauran kunya a ransa, kuma ta nan za ki shiga.

Kada ki roƙi mahaifinki ya ci. Ya rufa miki asiri tsawon lokaci, ba ki da hurumin saka masa da wannan. Kada kuma ki bari ya shigo tarko bai sani ba. Gobe ki shirya ki tafi Katabu da kanki, ba ta waya ba, ki durƙusa ki faɗa masa komai, har da abin da mijinki ya ce. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Shirun da kuke yi wa juna ke da shi ya yi amfaninsa, yanzu ya ƙare.

Game da Asabar, al'adarmu ta riga ta ba ki mafita. Ba a walima dangin uwa su zo hannu rabbana. Ki ce wa Inna ta yo gudummawar tuwo da waina daga hatsin gonar Baba, a ajiye a gaban manyan baƙi tare da sauran abinci. Ba wanda zai ga baƙon abu don dattijo ya ja kwanon matarsa, ogogin ma sai sun riga shi kai hannu. Amma kada ki yi wannan a ɓoye. Ki sami mijinki tun kafin ranar, ku biyu kawai, lokacin da ba ya cikin fushi, ki faɗa masa abin da kika shirya, ki ce kin yi ne don kare mutuncinsa da na ubanki gaba ɗaya. Ki tuna masa cewa in ya tozarta malami a gaban jama'a ranar saukar Alƙur'ani, ba malamin za a zaga ba, kuma Umaima ba za ta manta wanda ya ɓata mata ranarta ba. Maganar da ya yi ta ki tattara ki bi mahaifinki kuwa ba wasa ba ce, tana iya taɓa igiyar aure. Ki nemi wani malami masani, ba mahaifinki ba, ki faɗa masa kalmomin yadda suka fito, ya yi muku bayanin matsayinsu. Shi ne kuma zai faɗa miki hukuncin abin da ke da yara kuke ci, kada ki yanke wa kanki fatawa cikin ɓacin rai.

Wannan duk na Asabar ne. Bayan an naɗe rumfuna, aikin gaske na nan. Ki nemi komawa koyarwa, ko da kuwa albashin bai taka kara ya karya ba. Ki faɗa wa mijinki a fili cewa kina so ya nemi canjin sashe, ya mayar wa Hasiya abin da zai saya mata wani injin. Ki bar zancen tumbinsa da gemunsa, raini ba ya gyara namiji. In ya ƙi ji, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa. Kada ki kwashi yara ki fita da kanki tun ba a kai nan ba.

Abu ɗaya ya rage, kuma ke ya shafa. In Allah ya sa ya ji maganarki, kajin nan za su ragu, wataƙila motar ta tafi, wataƙila a canza wa yara makaranta, dangin da ke kiranki Hajiya su daina ɗaga waya. Ki zauna ki tambayi kanki tsakani da Allah ko kin shirya, tun kafin ki buɗe baki. Domin mutumin da aka janyo daga haram, in ya dawo gida da albashinsa tsura ya ji tsaki daga bakin matarsa, washegari zai koma, kuma wannan karon ba mai sake dawo da shi.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya shiryi maigidanki, ya ƙara wa Malam lafiya.

Anti Hansai